Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga fastoci da dattawan ikilisiyoyin Damagaram: a koya mana yin addu'a da bakinmu

Iyayenmu cikin Ubangiji, fastoci da masu bishara da dattawan ikilisiyoyin da ke birnin Damagaram da kewaye,

Ina gaishe ku da sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gajiya, ina ɗawainiya da jama'a, ina su Mama da yara? Allah ya ƙara muku lafiya da ƙarfin aiki. Ni 'yarku ce, ɗaya daga cikin matan zumunta, ina kuma koyar da yara a makarantar Lahadi. Na san ba a saba ganin mace ta miƙe gaban manya ta ce ga abin da ya kamata a yi ba, shi ya sa maganar nan ta daɗe tana cina a rai kafin in ɗauki alƙalami. Amma an ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Na bar wasiƙar a buɗe ne domin abin da zan faɗa bai tsaya ga majami'a ɗaya ko ɗarika ɗaya ba, kuma mu da muke zaune kan benci muna da namu kason a ciki, gara mu ma mu ji.

Maganar ita ce: tarurrukan addu'a sun yi mana yawa, masu iya addu'a sun yi mana kaɗan. Akwai addu'ar safe, akwai ta tsakiyar mako, akwai kwanan addu'a na ƙarshen wata, akwai azumin farkon shekara. Duk da haka in an tashi sujada ranar Lahadi, ku dubi layin da ke jiranku a bakin ƙofa. Kowa abu ɗaya yake faɗa: "Baba, a sa mu cikin addu'a." Ba laifi ba ne, Yakubu ma ya ce mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Abin da ke damuna shi ne da yawa cikin masu wannan layi, in sun koma gida, shi ke nan addu'a ta ƙare sai wata Lahadin. Sun ɗauka aiki ne na mai kwala da taye, kamar yadda allura take aikin likita.

Wata rana da tsakar dare waya ta tashe ni. Wata ƙanwa ce cikin zumunta, yaronta ya yi zafi rau, yana fizge-fizge, mijinta kuma yana can wajen bida. Ta ce ta kira fasto layi bai shiga ba, ta kira mai bishara waya a kashe. Na ce ta fara neman ɗan kabu-kabu tukuna, a kai yaro asibiti. Kafin mai babur ya iso na ce, "To, mu yi addu'a. Ki fara, ni zan rufe." Sai shiru. Ina jin numfashin yaron, ina jin kukan kare a layinsu. Can ta ce, "Mama, ban iya ba. Ban san kalmomin ba." Matar nan an yi mata baftisma tun tana budurwa, tana cikin mawaƙa, ba ta fashin kwanan addu'a. Ta iya cewa amin da ƙarfi, ta iya ɗaga hannu. Amma ta buɗe baki ita kaɗai ta ce wa Ubanta na sama ga halin da take ciki, wannan ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya nuna mata. Yaron ya warke, zazzaɓin cizon sauro ne. Ba ita kaɗai ba ce, kuma ban ga laifinta ba.

Iyayena, kun fi ni sanin Littafi. A Luka 11:1 almajiran Yesu sun gan shi yana addu'a, da ya gama ɗayansu ya roƙe shi ya koya musu, kamar yadda Yahaya ya koya wa nasa. Mutanen nan Yahudawa ne, da addu'a suka tashi tun suna yara, amma sun ga abin koyo ne, shi ma Ubangiji bai ce musu ku rufe ido kawai Ruhu zai kawo ba. Ya ba su kalmomi, gajeru, waɗanda yaro zai haddace a zama ɗaya. Ya kuma jera musu abubuwa yadda suka dace: sunan Uba tukuna, mulkinsa, nufinsa, sa'an nan abincin yini, gafara tare da sharaɗinta mai nauyi, sai tsari daga jaraba da Mugun. Mu kuwa addu'ar Ubangiji ta zama ƙararrawar tashi. Mukan zuba ta a guje a ƙarshen sujada, rabin jama'a na neman takalmi. Tsohuwar takardar koyarwar nan ta ikilisiyar farko da ake kira Didake ta umarci masu bi su riƙa yin ta sau uku a yini. Daniyel ma sau uku yake durƙusawa a Babila, taga a buɗe. A garin da maƙwabtanmu ke barin ciniki a tsakiyar kasuwar Dole su yi alwala in lokacin salla ya yi, kunya ce a ce ɗan Kirista ya girma bai san wani lokaci da gidansu ke tsayawa domin Allah ba. Ba ina cewa a kafa mana doka ba. Ina cewa mutum in ba a ba shi lokaci da kalmomin farawa ba, yawanci ba ya farawa.

Sai maganar lasifika. Na san wannan za ta sosa wa wasu rai. A kwanan addu'a mutum ɗaya ne ke riƙe da makirfo, yana ba da kan magana, kowa ya ɗauka da ihu na ɗan lokaci, a buga ganga, a wuce na gaba. Wanda muryarsa ta fi dushewa da asuba shi ake ganin ya fi yin yaƙi. Ba na hana kowa ɗaga murya, akwai ranar da zuciya ba ta iya yin ƙasa-ƙasa. Amma sabon mai bi da ya zauna a wurin, me ya koya? Ya koya cewa addu'a na bukatar taro, da wuta, da maƙogwaro. Ranar da ya samu kansa shi kaɗai a ɗakin da iyayensa ba sa son jin sunan Yesu, sai ya ga ba shi da ko ɗaya daga ciki. Alhali a Matiyu 6:6-8 Ubangiji ya ce a shiga ɗaki a rufe ƙofa, ya kuma ce kada a zaci yawan magana ne ke sa a ji mutum, domin Uba ya riga ya san bukata. Agustin, wanda ya yi bishop a Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya yanzu, ya rubuta wa wata gwauruwa mai suna Froba doguwar wasiƙa a kan addu'a wajen shekara ta 412. A ciki ya ba ta labarin masu ibada na Masar, cewa addu'o'insu gajeru ne ƙwarai, amma a kai a kai, domin kada hankali ya watse. Irin wannan ce addu'ar da mai daka za ta iya, da mai tura baro, da sojan da ke gadi. Ban taɓa jin an koyar da ita daga bagadi ba.

Inda mutane ba su iya roƙo da kansu ba, nan masu sayar da roƙo ke kafa rumfa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yanzu kowace waya akwai wani "bawan Allah" a ciki, daga ƙetaren iyaka ko daga can bakin teku, yana cewa a shuka iri a girbi mu'ujiza. Wasu har gayyato su ake yi, a raba ambulan, a ce mai jika goma ya fito gaba, mai jika biyar ya biyo baya, mai dala ashirin kuwa ya tsaya inda yake a yi masa ta gayya. Na ga mace ta sayar da akuyar da take kiwo domin kuɗin lakwal ɗin 'yarta ta sa a irin wannan ambulan. Ku gafarce ni, wannan bokanci ne aka sa wa kwat. Kakanninmu sun kai zakara ja gidan boka domin a ɗaure musu bakin maƙiyi, jikokinsu suna kai jika biyar domin abu ɗaya, sunan da ake kira ne kawai ya sauya. Kun san amsar da Bitrus ya ba Siman a Ayyukan Manzanni 8:20 sa'ad da ya miƙo kuɗi domin baiwar Allah, kun kuma san kuturtar da ta sami Gehazi, baran annabi Elisha, da ya bi Na'aman a guje domin ya karɓi kyauta bayan an warkar da shi. Yawancinku ba ku yin wannan, na shaida. Amma shirunku na ba shi wurin zama. Muna so mu ji daga bakinku, a fili, ranar Lahadi, cewa ba a sayen addu'a, kuma addu'ar gwauruwa a ɗakinta ba ta gaza ta baƙon da ya zo da jirgi ba.

Tushen abin, a ganina, yana can wajen ajin baftisma. Mukan tara masu neman baftisma na 'yan watanni, su haddace amsoshi, a yi musu tambayoyi gaban dattawa, a nitsar da su cikin ruwa, a yi hoto, a ci shinkafa. Washegari ba mai sake tambayar su. Umarnin Matiyu 28:19-20 kuwa bai tsaya ga ruwa ba, ya ci gaba da cewa a koya musu su kiyaye duk abin da Ubangiji ya umarta. Kiyayewa ba a koyon ta a kan allo. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan domin su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su. Zaman tare ne ya zo farko. Sun ga yadda yake tashi da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa, sun ga yadda yake amsa wa mai zaginsa, sun ga abin da yake yi in ya gaji kuma taro bai watse ba.

Mu 'yan Damagaram bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Ku je rumfar dukawa ku gani. Ba a taɓa yin baduku da wa'azi ba. Yaro yakan zauna gefen maigidansa shekara da shekaru, ya fara da miƙo zare da share wuri, ya ga yadda ake riƙe basilla, ya ɓata fata a ƙwace a nuna masa, har ranar da za a bar masa jaka guda ya ɗinka daga farko zuwa ƙarshe. Haka Bulus ya yi da Timoti, ya kuma ce masa ya danƙa abin da ya ji ga amintattun mutane waɗanda su ma za su koya wa wasu. Haka Bilkisu da Akila suka ja Afolos gefe suka ƙara fayyace masa hanyar Allah, ga shi kuwa gwanin magana ne. Titus 2:3-5 ya ɗora wa tsofaffin mata koyar da ƙanana. A ikilisiyoyinmu akwai tsofaffin da suka bi Ubangiji cikin kora da gori, waɗanda suka binne 'ya'ya ba su saki bangaskiya ba. Suna nan a bencin baya, ba mai tambayar su komai sai in za a dafa abincin taro.

Tun 1924 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka a garin nan, nan ne ma suka fara aiki a ƙasar Nijar kafin su kai Tsibiri da Galmi. Littafi Mai Tsarki cikakke yana nan da Hausa tun 1932. Shekara ɗari ke nan da bishara a Damagaram, har yanzu kuwa ba mu kai 2 cikin 100 na mutanen ƙasa ba. Ƙanƙantarmu ba abin kuka ba ce a wannan fanni, sauƙi ce. Ikilisiyar da kowa ya san sunan kowa ba ta da hujjar barin sabon mai bi ya ɓace ba a lura ba.

Akwai kuma abin da ya sa nake ganin ba mu da lokacin jira. Jama'armu ba mazauna ba ne. Ma'aikacin gwamnati yau yana nan, gobe an ɗauke shi zuwa Tanut ko Gure. Soja an tura shi daji. Ɗalibi ya gama jami'a ya tafi. Samarinmu na ƙauyukan Mirriya da Matamaye da Magariya, da an gama girbi sun kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Agadas, wasu wurin haƙar zinariya, wasu har Libiya. A yawancin wuraren nan ba majami'a, ba fasto, ba mawaƙa. Abin da mutum ya ɗauka a ƙirjinsa, shi ke nan guzurinsa. In duk abin da muka ba shi tsarin sujadar Lahadi ne, mun sallame shi hannu wofi.

Mu da muke zaune cikin birni ma mun ɗanɗana. Ba wanda ya manta Juma'ar 16 ga Janairun 2015, sa'ad da zanga-zangar zanen batancin wata jaridar Faransa ta juye kanmu, aka ƙone majami'u da gidaje da makarantu a garin nan, aka yi asarar rayuka, washegari abin ya kai Yamai. Wasunmu a barikin soja suka kwana, wasu maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye su a ɗakunansu, Allah ya saka musu da alheri. Ba na tono wannan domin tada ciwo. Ina tuna mana ne cewa cikin yini ɗaya benci da ganga da lasifika da littattafan waƙa suka zama toka, kuma a makonnin da suka biyo baya abin da ya riƙe mutane shi ne ayar da suka haddace da addu'ar da suka iya yi a zuci. An sake gina bango, mun gode Allah. Ban tabbata an ba ginin mutane rabin ƙarfin da aka ba ginin siminti ba.

Tun daga lokacin kuma wata irin addu'a ta yi ƙarfi a bakinmu, ta wuta da tsawa a kan maƙiya. Na gane inda ta fito, tsoro ne da ɗacin rai. Amma yaran da nake koyarwa suna ji, ranar Litinin kuma su zauna benci ɗaya a lakwal da 'ya'yan maƙwabta. Matiyu 5:44, wadda ta ce mu ƙaunaci maƙiyanmu mu yi wa masu tsananta mana addu'a, ba ta da wuyar ganewa, wuyar yi gare ta, shi ya sa take bukatar wanda zai riƙe hannunmu a kai. Irmiya ya ce wa waɗanda aka kwashe zuwa Babila su roƙa wa birnin da suke ciki alheri, domin zaman lafiyarsa shi ne nasu. Bulus ya ce a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki. Ina so in ji an ambaci Mai Martaba Sarkin Damagaram da mai unguwa da limamin layinmu a addu'ar Lahadi da fatan alheri, in ji an roƙa wa samarin da ke zaman fada aikin yi, a roƙa wa garin nan ruwa, mu da su duka.

Ku kuma ba mu izinin yin kuka gaban Allah. Lokacin shaida a majami'a ya zama na wanda ya sami babur, ko aiki, ko biza. Matar da ta shekara goma tana roƙon haihuwa ba ta samu ba, ta ina za ta miƙe? Sai ta ɗauka bangaskiyarta ce ta gaza, ko wani zunubi ne ke binta, sai ka ga ta fara ja da baya. A buɗe mata Zabura 13 ta ji Dawuda na tambayar Allah har yaushe. A buɗe mata Zabura 88, wadda ta ƙare cikin duhu ba tare da an warware komai ba, amma tana nan cikin Littafi. A nuna mata Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya, amsar da ya samu ita ce alheri ya ishe shi. Ubangijinmu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon, ba a ɗauke ba. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda ya kamata mu yi addu'a ba, Ruhu ne ke roƙo dominmu da nishin da ba ya faɗuwa. Wanda aka koya wa wannan ba zai gudu ba ranar da sama ta yi masa shiru.

In kuna so ku auna ko muna girma, kada ku ƙirga kawunan da suka kwana a majami'a. Ma'aunin yana Galatiyawa 5:22-23, wato 'ya'yan Ruhu irin su ƙauna da haƙuri da kamun kai, wurin gwajinsa kuma bakin famfo ne a watan Afrilu, sa'ad da ruwa ya yi kwanaki bai zo ba, jarkoki sun yi layi tun dare, wata ta zo ta tura taka gefe ta sa tata. Abin da ya fito daga bakin 'yar zumunta a wannan lokaci, shi unguwa ke karantawa game da Almasihu.

Na san nauyin da ke kanku. Da yawanku albashin bai kai tsakiyar wata, sai kun haɗa da noma ko koyarwa. Fasto ɗaya ne ga jana'iza, ga sulhun aure, ga asibiti, ga wa'azi da Faransanci da Hausa. Ba ƙarin kaya nake kawo muku ba, so nake ku sauke wani a kanmu. Duk wanda aka yi wa baftisma, kafin ya bushe a haɗa shi da wani babba da sunansa, mace da mace, namiji da namiji, su riƙa haɗuwa ko sau ɗaya a mako har shekara ta zagayo: su karanta 'yan ayoyi, babban ya yi addu'a ƙaramin ya ji, ƙaramin ya yi babban ya ji, a tambayi juna yaya gida, yaya kasuwa, da wa aka yi faɗa. Cikin kwanan addu'a a ware ko sa'a guda a kashe makirfo, a raba mutane uku-uku, kowa ya buɗe baki. A ɗauki wata biyu ana bin addu'ar Ubangiji roƙo bayan roƙo, da Hausar da tsohuwar da ta zo daga ƙauye za ta gane, ba fassarar da ake yi a guje bayan Faransanci ba. Waɗanda ba su iya boko ba, kuma suna da yawa cikin mata, a sa musu karatun Littafi na murya a katin waya, tunda yanzu ko mai tallan goro da wayarta, a kuma dawo da hadda, aya ɗaya a mako, manya da yara tare. Masu shirin tafiya cin rani a tara su kafin su tashi, a ba su zabura biyu ko uku da za su riƙe, a karɓi lambarsu, a sa wanda zai riƙa kiran su.

Wannan bai bukatar kuɗin Turawa ko sabon gini. Tabarma ce da inuwa da yardarku. Na yi magana da wasu cikin iyayenmu mata na zumunta, sun ce in an ba su 'yan mata da sababbin amare za su riƙe, sai dai ba sa so su fara ba da sanin dattawa ba, kada a ce sun kafa ikilisiya cikin ikilisiya. Roƙona shi ne ku sa maganar nan cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba, ku kuma kira biyu ko uku daga cikin tsofaffin nan su zauna tare da ku a ranar. In akwai inda harshena ya yi kaifi, ku yafe wa 'yarku.

Taku cikin Almasihu,
Wata 'yar zumuntar mata, Damagaram